Manhajar kula da ma'aikata: wacce ake saya ne wai, kowa cewa yake tasa ta fi

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Ni ce ke riƙe da sashen kula da ma'aikata a wajen aikinmu, mu biyu ne kacal a ofis ɗin, ma'aikata kuma sun kai wajen 140 yanzu, akwai na dindindin akwai 'yan kwantiragi akwai masu dutin dare. Har yau komai da Excel da takarda muke yi, mutum zai cike fom ɗin hutu ya kai wa shugaban sashensa ya sa hannu ya dawo min dashi in sa a fayil, ƙarshen wata in tattara waɗanda suka yi ƙarin lokaci in miƙa wa akanta shima ya zuba a nashi Excel ɗin. Kwanaki wani direba ya zo yana rantsuwa saura kwana 9 a hutunsa, a lissafinmu kuma 4 ne, muka zazzage durowa kaf muna neman fom ɗin da ya cike farkon shekara, har yau ana ta ja in ja.

To shine oga ya ce in nemo manhaja a saya. Wlh tun da na sa lambata a shafi ɗaya waya bata huta ba, wannan ya ce tasu HRIS ce, wancan ya ce HCM, wani HRMS, duk dai sunayen manhajar kula da ma'aikata, kuma kowa cewa yake tasu ta haɗa komai da komai daga ɗaukar ma'aikaci har ranar da zai bar aiki. Na ga sunaye irin su Workday, SAP SuccessFactors, BambooHR, Zoho People, Odoo, da wasu da yawa, kuma yawancinsu basa rubuta farashi sai dai wai ka nemi a maka gwaji. Abin da nake son sani shine ya kasuwar nan take ne a zahiri, me ya bambanta su, kamfani mai girman namu ina ya kamata ya dosa? Kuma albashi a haɗa shi a ciki ko a barshi daban? Bana son in kai wa oga abin da bayan shekara za a ce ni na jawo. Nagode.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina kenan, ɗora wa kamfanoni irin waɗannan manhajojin, to bari in miki bayani yadda na fahimta, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko ki ajiye maganar sunayen nan uku, a bakin masu talla kusan abu ɗaya suke nufi. Abin da zaki duba shine wa aka gina wa manhajar tun asali, don kasuwar nan a rabe take bisa girman kamfani. A can sama akwai Workday da SAP SuccessFactors da Oracle, waɗannan na bankuna ne da jami'o'i da gwamnatoci da kamfanonin da ke da ma'aikata dubbai a ƙasashe daban daban. Ba a saya yau a fara aiki gobe, sai an ɗauko wani kamfanin daban na masu ɗorawa sun yi watanni, wani lokaci a haura shekara, kuma kuɗin masu ɗorawar kaɗai ya isa ya tsorata oganki. Ku da kuke 140 ki cire su a lissafi gaba ɗaya, ba don basu da kyau ba, nauyinsu ne ya fi ƙarfin ofis na mutum biyu.

Tarihinsu ma zai nuna miki yadda kasuwar ke tafiya. A 1987 aka kafa PeopleSoft, ita ce sarauniyar harkar a zamanin da kowane kamfani ke ajiye manhaja a sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai a ofishinsa. Oracle ta matsa sai ta saye ta, aka yi ta fafatawa sama da shekara, ƙarshe ta saye a kan dala biliyan 10.3 farkon 2005. Wanda ya kafa PeopleSoft ɗin, Dave Duffield, shi da Aneel Bhusri sai suka koma gefe suka kafa Workday a wannan shekarar, suka ce su komai ta intanet za a yi, babu mai ajiye saba a ofis. Da manyan suka ga kwastomomi na zamewa sai suka shiga saye saye, SAP ta sanar da sayen SuccessFactors ƙarshen 2011 kan dala biliyan 3.4, Oracle ta bi da Taleo a 2012 kan biliyan 1.9. Kuma abin bai tsaya ba, a 2020 Kronos da Ultimate Software suka haɗe suka zama UKG, a 2025 Paychex ta saye Paycor. Me ya shafe ki a ciki? Kamfanin da kika sa hannu dashi bana ba lallai shi zaki tarar ba ranar sabunta kwantiragi, kuma sabon mai shi na iya ƙara farashi ko ya ce kowa ya koma wata manhajar tasa.

Sai rukunin da ya dace da ku, na ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Nan akwai BambooHR da aka kafa 2008 a Amurka, Personio ta Jamus, Zoho People da Darwinbox na Indiya duk da ita Darwinbox ta fi karkata ga masu ɗan girma, HiBob, da tarin wasu da babu wanda ya san su sai a ƙasarsu. Kusan dukkansu tsarin kuɗinsu ɗaya ne, kan kowane ma'aikaci a wata, wato kuna ƙara mutane kuɗi na hawa. Inda ake kama mutane shine farashin da aka faɗa miki na tushe ne kawai, ajiye bayanan ma'aikata da hutu. Kina cewa kina son ɓangaren ɗaukar aiki, ƙari. Auna ƙwazo, ƙari. Lissafin lokacin zuwa da tashi, ƙari. Ga kuɗin ɗorawa na farko, wasu kuma suna da mafi ƙarancin adadin da zaki biya ko ma'aikatanki basu kai ba. Shi ya sa basa rubuta farashi a shafi, so suke su ji girman aljihunki tukuna.

Ni dai shawarata kar ki fara da kallon gwajinsu. Ki zauna ki rubuta abubuwa uku ko huɗu da ke cinye miki lokaci duk wata, naki na gani hutu ne da ƙarin lokaci da dutin dare, ranar gwaji ki hana su nuna miki allon nan mai kyau mai zane zane, ki ce ga ma'aikaci mai dutin dare da ya shiga ƙarfe 10 na daren Alhamis ya fita 6 na safen Juma'a, nuna min yadda zata lissafa shi. Da yawa a nan suke fara inda inda.

Akanta_Sani:

Baban Khalifa ya gama magana a kan kasuwa, ni ɓangaren albashi zan taɓa tunda nan ne gidana.

Hajiya albashi ba kamar sauran bane. Fom ɗin hutu duk duniya kusan iri ɗaya ne, amma haraji da fansho da inshora da sauran abin da ake cirewa dokar ƙasa ce ke yanke su, kuma dokar na canzawa. Shi ya sa har gobe a kowace ƙasa zaki tarar da kamfanonin albashi na cikin gida suna nan daram duk da ƙarfin manyan. ADP da ake ji da ita tun 1949 ta fara, da lissafin albashi kawai, kuma har yau shine ƙashin bayanta. Gusto tana da sauƙi sosai amma don dokokin Amurka aka gina ta. Su Deel da Remote kuma kasuwarsu masu ma'aikata warwatse a ƙasashe da yawa ce. To tambayar farko ga duk mai miki talla ita ce, lissafin harajin ƙasarmu yana cikin manhajar da kanta ko ni zan riƙa sa alƙaluman da hannu, in doka ta canza wa zai gyara kuma cikin kwana nawa? In ya ce ai ana iya saitawa, ki gane ke da akantanku yake nufi.

Kuma dan Allah kar a yi gaggawa. Gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da tsarin albashinta mai suna Phoenix a 2016, kan PeopleSoft aka gina shi, IBM ce ta yi kwangilar, ba ƙananan sunaye bane. Amma an rage tsofaffin ma'aikatan albashi da suka san kan aikin tun kafin tsarin ya zauna, ga ƙa'idojin biya dubbai na ƙungiyoyin ƙwadago daban daban, aka kunna shi ba a gama gwadawa ba. Ma'aikata dubbai aka riƙa biyansu ƙasa da haƙƙinsu, wasu aka biya su fiye aka dawo ana bin su bashi, wasu watanni ba ko sisi, gyaran kuma ya lashe biliyoyin dalar Kanada. Ma'aikatar lafiya ta Queensland a Ostareliya ma ta sha irin wannan a 2010. Ku ba gwamnati bane na sani, amma ma'aikaci ɗaya da aka yi wa kuskure a albashi shi a wajensa abin ɗaya ne, yana da iyali da masu binsa bashi.

Abin da ake yi shine a yi wata biyu ko uku ana lissafi a wuri biyu, tsohon Excel ɗinku da sabuwar manhaja, a jera sakamakon mutum bayan mutum, sai sun yi daidai har ƙwandala kafin a saki tsohon. Aiki ne ninki biyu kuma akantanku zai yi gunaguni, a lallaɓa shi. Sannan ki duba abu ɗaya tun yanzu, Excel na da halin cinye sifirin farko na lambar asusun banki in ba a saita gidan a matsayin rubutu ba, yana kuma juya rana da wata a kwanan haihuwa, 03/04 ta koma 04/03 ba wanda ya lura. Ranar kwashe bayanai zuwa sabuwar manhaja duk wannan zai bi ku.

In ni ne, hutu da bayanan ma'aikata zan fara ɗorawa, albashi ya biyo baya in an saba.

Ummu_Sadiq:

Kai Allah ya saka da alheri, Baban Khalifa da Malam Sani, gsky na ƙaru. Yanzu na buɗe fayil ɗinmu na duba, akwai mutum ɗaya da sunansa ya fito iri uku a shafi uku, a na albashi da wata irin rubutawa, a na hutu da wata, a na fansho kuma an sa sunan mahaifinsa a gaba. Kenan wannan sai mun gyara kafin a je ko'ina. Amma wani abokin aikina ya ce me zai sa mu biya duk wata alhali akwai na kyauta, ya ambaci OrangeHRM da ERPNext, wai a ɗora a kwamfutar ofis shikenan. Ya kuke gani? Kuma oga ya fi zumuɗin masu AI ɗin nan da ke tace CV, ya ce duk sanda muka sa tallan aiki takardu na mana yawa.

Zee_IT:

Anti Ummu sannu da ƙoƙari. Maganar abokin aikinki akwai gaskiya a ciki amma rabi ce. OrangeHRM da ERPNext da Odoo duk suna da nau'in da zaki sauke kyauta ki ɗora a sabarki, kuma suna aiki, ba wasa bane. Sai dai kyautar a lasisi ta tsaya. Wa zai riƙa sabunta ta, wa zai riƙa ajiye kwafin bayanai kullum a wani wuri daban, in kwamfutar ta mutu ranar 27 ga wata wa za a kira? In kuna da mutumin IT na dindindin wanda ya iya kuma ba gobe zai tafi ba, bismillah. In wanda zai ɗora ɗan kwangila ne da zai karɓi kuɗinsa ya wuce, wlh ki biya wata wata ki samu kwanciyar hankali. Na ga inda wanda ya ɗora ya bar aiki da kalmar sirrin saba a kansa, aka yi ta binsa ana roƙo.

Amma kuma kar a ɗauka masu karɓar kuɗin basa faɗuwa. A Disambar 2021 masu kutse suka kulle sabar Kronos suna neman kuɗin fansa, makonni aka yi abin a tsaye, asibitoci da manyan kamfanoni suka koma rubuta lokacin aiki a takarda, wasu suna biyan mutane da ƙiyasin albashin baya. To ko wacce kika saya, duk ƙarshen wata ki sauke cikakken kwafin bayananku ki ajiye, ki kuma san yadda zaki biya albashi in an wayi gari manhaja bata buɗewa.

Abin da ya fi damuna kuma mutane basa tambaya shine fita. Shiga kam da fara'a za a shigar dake, har rangwame za a miki in kin sa hannu na shekara uku, amma tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Kafin sa hannu a rubuta a kwantiragi cewa duk ranar da kuka so tafiya za a baku bayananku duka a fayil ɗin da ake iya buɗewa, har da takardun da kuka ɗora da tarihin hutu da na ƙarin girma, ba jerin sunaye kawai ba, kuma ba tare da wani sabon caji ba. Ki duba layin da ke cewa kwantiragi na sabunta kansa in baki yi magana ba kwana kaza kafin ya ƙare, ki duba iyakar ƙarin farashi a shekara. Ki tambaya a wace ƙasa sabarsu take, don ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanai kuma wasu sun sa sharaɗi kan fitar dasu waje. Ki tuna abin da ke ciki, albashin mutane ne da lambar asusunsu da takardun asibitinsu da gargaɗin da aka taɓa basu. A Jamus an ci tarar kamfanin tufafi na H&M yuro miliyan 35 da ɗoriya a 2020 saboda tattara bayanan sirrin ma'aikata, rashin lafiyarsu da matsalolin gidajensu, a wurin da manajoji da yawa ke iya gani. Don haka ranar gwaji ki ce su shiga a matsayin shugaban sashe ki ga me yake iya gani, in yana ganin albashin wanda ba a ƙarƙashinsa yake ba to akwai gyara.

Sai kuma waya. Direbobinku da masu dutin dare ba a gaban kwamfuta suke zaune ba, ki karɓi wayar ɗaya daga cikinsu, ƙarama mai ƙarancin wuri, a gwada neman hutu da ita a gabanki. In ya kasa shi kaɗai ba tare da an nuna masa sau uku ba, fom ɗin takarda zai dawo teburinki ki koma kina shigarwa da hannu, ga kuɗin wata kuna biya.

Malam_Habu:

Ni a kan maganar AI zan tsaya, don raina na sosuwa in na ji ana zumuɗinta a ɗaukar aiki. Hajiya ki faɗa wa oga Amazon da kanta ta gina irin wannan ta watsar, labarin ya fito a 2018. Sun koyar da ita da CV ɗin da aka turo musu shekaru goma, yawanci na maza, sai ta koyi rage maki ga takardun da ke ɗauke da wasu kalmomi masu nuna na mata ne. Babu wanda ya umarce ta, daga bayanan ta ɗauka. Saboda irin wannan matsalar ne birnin New York ya fara tilasta binciken son kai a kan irin waɗannan manhajoji tun 2023, dokar AI ta Tarayyar Turai ta 2024 ma ta sa na ɗaukar aiki cikin masu babban haɗari. Yaron da ya ƙware a aiki amma bai iya tsara CV da kalmomin da na'ura ke nema ba, an jefar da takardarsa ba ɗan adam ɗin da ya gani, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan mai ɗauka.

Baban_Khalifa:

Malam Habu ban ƙi taka ba amma kar mu tsorata ta da yawa. Akwai inda take da amfani ba cutarwa, kamar ciro suna da lambar waya da shekarun aiki daga CV a jera su a tebur, ko amsa wa ma'aikaci saura kwana nawa a hutunsa ba sai ya zo ofis ba. Inda na tsaya tare da kai shine kar a bari ta yanke hukuncin wa za a kira wa za a bari. Kuma yanzu kusan kowane mai sayarwa ya manna AI a jikin tallansa, wasu a farashi na daban, to Hajiya ki tambaya ko ana iya kashe ta, kuma ko suna koyar da ita da bayanan ma'aikatanku.

Ummu_Sadiq:

To madalla. Na faɗa wa oga a bani wata guda mu tsaftace fayil tukuna, kowane ma'aikaci a bashi lamba ɗaya da zata bi shi ko'ina, mu kuma zauna da shugabannin sashe a rubuta dokar hutu a takarda ɗaya don na lura kowa da yadda yake lissafa ta. Ya amince, da ƙyar dai. Na rage jerin zuwa uku, biyu na waje ɗaya ta cikin gida mai lissafin haraji. Zee dan Allah in sun turo kwantiragin zan miki magana ta akwatin saƙo ki duba min wancan layin na fita da na sabuntawa. Malam Sani kuma tambaya ɗaya ta rage, wata biyun nan na lissafi a wuri biyu, ya halatta ya faɗo a watan da muke biyan alawus ɗin shekara ko gara a kauce masa?

Akanta_Sani:

Kar ki kauce masa Hajiya, ki ma neme shi da gangan. Watan da babu komai sai albashi tsura kowace manhaja zata ci jarrabawa. Ki tabbata a cikin watannin akwai na alawus, akwai wanda aka ɗauka tsakiyar wata, akwai wanda ya bar aiki da sauran hutu a hannunsa, da mai bashin ofis da ake cirewa kaɗan kaɗan. In babu irinsu a lokacin, ki ƙirƙiro su a kwafin gwaji ki gani.